Kada A Cire Leda

Assalamu alaikum, masu karatu. Yarinyar da ta rubuto tana cewa tsoho da soyayya abin dariya ne, na ga saƙonki. Allah ya ba ki tsawon rai, ki zo ki gani da kanki.

Ga waɗanda suka shigo yau. Sunana Arzika. A 'Yankuzo aka haife ni, ta wajen Tsafe, amma a Tudun Wada nake zaune cikin Gusau. Hatsi nake sayarwa tun gemuna yana baƙi. Matata Rabi ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ita kaɗai na taɓa aura. 'Ya'yana biyu ne a gabana: Tajuddeen, babba, mai yawan magana, da auta Rukayya, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makaranta. Ita kuwa magana sai an tambaye ta.

Wadda nake so sunanta Hajiya Sa'adiya, a Bungudu take. Mijinta ya rasu. Tana da shagon buga takardu a zauren gidan yayanta. Ranar da na fara ganinta, katin ɗaurin auren ɗan ƙanena na je a buga mini. Na wuce mutane na miƙa takarda. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Alhaji, layi ake bi."

Rabon da wani ya gaya mini haka har na manta. Na koma na zauna a benci. Tun daga wannan zama hankalina bai dawo Gusau gaba ɗaya ba.

Ba ni da kwana-kwana. Da na ga abin ya ƙi barina, na koma na gaya mata. Na tarar da shago a rufe, tana zaune a ƙofa tana gyaran zogale.

Ta ce, "Alhaji, ni ba na aure ina zaune hannu rabbana. A ce yunwa ce ta kai ni gidanka? A'a. Sai na koma aikina, sannan in ba ka amsa."

"Mi ya hana ki aiki?"

"Kwamfuta ta mutu. Masu gyara sun ce a yi mata salla."

"Za a kawo wata."

Ta yi dariya har ta rufe baki da gyale. "To ka kawo. In ta tashi, a ranar za ka ji amsarka."

Magana ta ƙare. Ni haka nake son ciniki.

A gida ne aka tayar da ƙura. Tajuddeen ya zo bayan sallar Juma'a, ko hula bai cire ba ya fara.

"Baba, da girmanka? Jikokinka sun fara makarantar sakandare. Mutane za su ce mi?"

"Su ce Arzika ya yi aure."

"Kuma wai kwamfuta! Mutane suna kai atamfa da turare, kai za ka kai inji."

"Abin da ta ce ke nan."

"In ta karɓe ta ce ba ta yi fa?"

"Ai sai ka ji daɗi. Tashi ka ba ni wuri."

Rukayya tana gefe tana ninke kaya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, yawancin haɗaɗɗun da ke kasuwa gwanjo ne, goge su ake yi. In sabuwa kake so, sai a sayo kayan ɗaya-ɗaya a haɗa."

"Wa zai haɗa?"

"Ni."

Na ji daɗi, masu karatu. Na ce a raina, ga wadda ke bayana.

Kaya suka iso daga Kano, Tajuddeen ya karɓo a tasha yana gunaguni. Rukayya ta shimfiɗa tabarma a falo ta jera su. Ni kuma na jawo kujera na zauna a kanta, don ba na barin aikina a hannun yara in tafi. Akwai baƙin akwati mai gilashi a gefe. Akwai wani faranti mai kama da taswirar gari. Akwai ƙwaƙwalwar injin, 'yar ƙarama, ba ta kai kwalin ashana ba. Akwai wasu sanduna biyu da ta kira ram, ga wayoyi kamar hanjin rago.

Yanzu ku saurara, don nan ne maganar take. A wurinmu, kayan da za a kai neman aure da ledarsa ake kai shi. Ko rediyo ne, dangin mace leda suke fara dubawa kafin su dubi kaya. Leda ita ce shaidar cewa ba a ƙasƙantar da 'yarsu ba, ba a kawo mata ragowar wani ba. Ni ko ba aure ba ma haka nake. Rimot ɗin talabijin ɗina da ledarsa yake. Kujerun da na saya wa Rabi har yau suna ɗakinta da ledarsu, kamar jiya aka sauke su daga mota. Saboda haka tun kafin Rukayya ta ɗauki sukudireba na kafa doka.

"Kada a cire leda ko ɗaya."

"To, Baba."

Ta yi ta aiki. Ta kafa faranti, ta zaunar da ƙwaƙwalwa, ta ɗiga mata wani mai toka-toka. Sai ta ɗauko wani ƙarfe mai nauyi da fanka a jikinsa. A ƙasansa akwai 'yar leda siririya mai jan rubutu. Na ga ta sa farce za ta ɓare.

"Bari."

"Baba, ita wagga…"

"Mi na ce?"

Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana, abin da ba ta saba ba. Sannan ta ce, "To, Baba." Ta ɗora ƙarfen a kan ƙwaƙwalwar da ledarsa, ta ɗaure kusoshi.

Da ta gama ta ce abin da kwamfutar za ta yi aiki da shi ta riga ta zuba a faifan ciki tun a makarantarsu, saura a kunna a gwada. Na ce a'a. Abin da aka kunna ya zama tsoho. Yatsan Hajiya ne zai fara taɓa shi. Nan ma ta ce to.

Ranar tafiya da safe wayata ta yi ƙara. Saƙon Hajiya ne.

"Alhaji, yau ne? Na sa an share zaure, an wanke labule."

Na rubuta, "Yau ne."

"Ka karya kumallo?"

"Na karya."

"Kai dai saƙonka kamar ana auna maka haruffa da mudu."

Na karanta saƙon nan ya fi a ƙirga kafin in sa wayar a aljihu.

Na sa babbar rigar shadda ruwan toka, wadda ba na fitarwa sai Idi. Na sa ƙube mai baƙin zare, da takalmin fata, na shafa turaren da na zo da shi daga Makka. Rukayya ta fito cikin doguwar riga baƙa da farin hijabi, da jakar hannunta. Tajuddeen ya ja mota fuska a ɗaure. Aka naɗe akwatin cikin bargo, Rukayya ta rungume shi a baya. Daga Gusau zuwa Bungudu ba nisa, amma duk ramin da muka faɗa sai na ce, "A hankali, ba buhun dawa ka ɗauko ba."

Malam Hamidu, yayan Hajiya, shi ya tarbe mu. Shi ne waliyyinta. Tsoho ne siriri mai bakin tsiya, tun a ƙofa ya fara.

"A'a, ango da kansa! Wanga ƙamshi ai tun daga kan titi ya yi mana sallama."

An gyara zaure. Tebur da sabuwar shimfiɗa, firinta a gefe an lulluɓe ta da zane, benci a jikin bango, wanda na taɓa zama a kai. Aka kawo zoɓo mai sanyi da hoce. Maƙwabta suka fara leƙe ta taga, wai sun zo gaisuwa. Sai Hajiya ta fito. Leshi ta sa ruwan goro, da gyale mai haske, da tabarau ɗin nan. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na amsa a taƙaice. Kada ku tambaye ni abin da ƙirjina ke yi a lokacin, ba zan faɗa ba.

Aka warware bargo. Leda tana ƙyalli a jikin gilashi, a fuskar allo, a kan kibod, har a jikin maus. Malam Hamidu ya shafa ya ce, "Kai! Sabuwa dal. Ji leda har kuka take." Mata a taga suka yi guɗa ƙasa-ƙasa. Na gyara zama.

Rukayya ta haɗa wayoyi ta koma benci ta zauna. Hajiya ta yi bisimilla ta danna.

Fitila shuɗiya ta kama. Fanka ta juya. Allo ya yi haske, rubutu ya fito. Na dubi Tajuddeen, don ya gani. Sai fankar ta fara ƙara, tana ƙaruwa, tana ƙaruwa, kamar babur yana hawan tudu da kaya. Sai ɗif. Allo ya yi baƙi.



Na ce, "A sake."

Ta sake dannawa. Kwamfuta ta tashi, ta yi kuka, ta mutu.

Tajuddeen ya miƙe. "Wuta ce ba ƙarfi. Malam, akwai sitabilaiza?" Aka ɗauko daga cikin gida aka haɗa. Ta tashi, ta mutu. Ya ce a tayar da janareta. Aka tayar, hayaƙi ya cika ƙofar gida. Ta tashi, ta mutu. Ya canza soket. Ya canza wayar wuta da ta tsohuwar kwamfuta. Ya cire babbar rigarsa ya rataye a ƙofa, gumi yana bin wuyansa. Ya buɗe wayarsa ya nemo wani bidiyo, mutumin ciki ya ce a zare sandunan ram a mayar. Ya buɗe gefen akwati, ya zare, ya hura musu iska, ya mayar har suka yi ƙas. Ya bi wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya yana dannawa. Ta tashi, ta mutu.

Mata a taga sun daina guɗa. Sun koma magana a kunne.

Malam Hamidu ya kurɓi zoɓo ya ce, "Alhaji, kada ka ji haushina. Ko dai 'yan Kano gwanjo suka naɗe maka a sabuwar leda?"

Jini ya hau mini kai. Ni, Arzika, da ba a taɓa cakuɗa mini tsohuwar dawa da sabuwa na kasa ganewa ba.

"Malam Hamidu, ni ba na kawo gwanjo gidan mutane."

"Ai ban ce kai ba, ango. Zauna."

Hajiya ta matsa kusa da tebur. Tana tsaye, ta ɗora tafin hannu a saman akwatin. Can ta ce, "Kun lura? In an bar ta ta huta, sai ta ɗan jima. In an kunna a jere, nan take take mutuwa. Wagga ba matacciya ba ce, zazzaɓi take yi."

Sai ta juya ta dubi benci. Ni ma na juya. Rukayya tana zaune, jaka a cinya, hannaye a kan jaka. Ita ta haɗa injin nan da hannunta, amma tun da aka fara wahala ko yatsa ba ta ɗaga ba.

Hajiya ta ce, "Ɗiyata, zo ki taya ni ɗauko ruwa a ciki."

Suka shiga. Ruwa bai fito ba. Malam Hamidu ya fita korar masu leƙe. Tajuddeen ya durƙusa kusa da ni, yana share fuska da hannun riga.

"Baba, ni ban so auren nan ba, ka sani. Amma wallahi ba za a yi maka dariya a Bungudu ina tsaye ba. In ta kama in koma Gusau in ɗauko mai gyara a kafaɗa, zan ɗauko."

Na dube shi. Na ce, "Sa rigarka. Kana gidan mutane."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ya gane.

Da suka fito, idon Rukayya ya yi ja. Hajiya tana riƙe da kafaɗarta. Rukayya ta zare wuta, ta kwantar da akwatin, ta buɗe jakarta ta fito da sukudireba. Ta kwance kusoshin ƙarfen nan mai fanka, ta ɗaga shi, ta juya ƙasansa sama. Ga 'yar ledar nan mai jan rubutu. Ta yamutse, man ya dame a jikinta.

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ƙarfen nan shi ke shan zafin ƙwaƙwalwa. Dole jikinsa ya taɓa jikinta. In akwai leda a tsakani, zafi ba ya fita. Sai ta kashe kanta don kada ta ƙone."

Malam Hamidu ya dawo ya leƙa. "To wane mai hankalin ne ya bar wagga a ciki?"

Ya juya wurin Rukayya.

"Yarinya, ba ke kika haɗa ba?"

"An ce kada a cire leda."

"Wa ya ce?"

Na ce, "Ni na ce."

Ya buɗe baki. Ban bar shi ba.

"Yanzu kuma na ce a cire."

Rukayya ta ɓare ledar. Ta goge ƙarfe da ƙwaƙwalwa da tsumma mai tsabta. Sai ta sake sa hannu a jaka ta fito da ɗan bututun man nan toka-toka, ta ɗiga sabo. Masu karatu, ni ba ɗan boko ba ne, amma ina da ido. Wannan man ba a Bungudu ta saye shi ba. Tun daga Tudun Wada yana cikin jakarta, shi da sukudireba.

Ta ɗaure, ta rufe, ta ja baya. Hajiya ta sake bisimilla ta danna.

Fitila ta kama. Fanka ta juya, a hankali, kamar numfashin jariri mai barci. Allo ya buɗe. Muka jira kukan nan. Bai zo ba. Hajiya ta ja kujera ta zauna, ta sa hannu ta yaye ledar kibod ta ajiye gefe, ba ta ko nemi izinina ba. Yatsunta suka fara gudu, ƙaf-ƙaf-ƙaf, irin ƙarar da na fara ji ranar da ta mayar da ni layi. A kan allo ta rubuta ARZIKA da manyan baƙaƙe, yadda ko ni zan karanta daga nesa.

Malam Hamidu ya yi ta dariya har da tari. "Ango, ledarka ta kusa hana ka aure!"

Na bar shi. Waliyyi ne.

Na miƙe na gyara riga na ce, "Hajiya, ta tashi."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ɗazu ma ai ta tashi, Alhaji. Bari mu ga ko za ta kai la'asar."

Muka shiga mota muka bar gari. Ban juya ba na ce, "Rukayya."

"Na'am, Baba."

"Kin san za ta mutu."

"Na sani."

"Don mi?"

"Ka ce kada a cire."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Sai ta ce, "Inna ta rasu ba ta taɓa jin laushin kujerarta ba, Baba. Kullum a kan leda. Da zafi tana manne mata a jiki, sai ta shimfiɗa zane ta zauna. Na ce bari ita ma wagga ta ga irin gidan da za ta shigo."

Tajuddeen ya kusa sakin hanya. Na ce ya dubi gabansa.

"To man da kika taho da shi fa?"

Ta juya fuska wajen taga. Ban sake tambaya ba. Kujeru dai sun daɗe, wannan ba mai musawa.

Muka iso gida. Na yi sallar la'asar, na zauna a tsakar gida da rigar Idi a jikina, waya a hannu. Ba jira nake ba. Zama ne kawai. Rukayya ta wuce ta gabana ta shiga ɗakin mahaifiyarta, ɗakin da ba a buɗewa sai don shara.

Waya ta yi ƙara.

"Alhaji, la'asar ta wuce, tana nan tana aiki. Har na buga wa mutum biyu takarda. Ka turo mutanenka wurin Yaya Hamidu."

Na karanta. Na sake karantawa. Na rubuta, "To." Na duba na ga ya yi kaɗan, na ƙara, "Madalla."

Kafin in ajiye, wani saƙon ya shigo.

"Amma ka sani tun yanzu. Ni ba na zama a kan leda."

Ina riƙe da wayar sai na ji wata ƙara daga ɗakin Rabi. Kyaaat. Ƙarar leda ce mai kauri, ana yage ta da hannu.

Na miƙe. Tsawa tana bakina har na isa ƙofa. Na ɗaga labule. Rukayya tana durƙushe gaban babbar kujera, ta kama leda ta tsakiya tana ja, hawaye yana zuba, ledar ta tsufa ta ƙi yaguwa daidai. Ta wurin da ta yage, ga yadin kujerar ya leƙo, kore shar, mai furanni. Na manta ma launinsa ke nan. Rabi ce ta zaɓa.

Ta ɗago ta gan ni. Ba ta saki ba.

Na cire babbar riga na rataye a ƙofa.

Na ce, "Ba ta nan ake farawa ba, za ki ɓata yadi. Kawo reza. Ki riƙe mini wancan gefen."